Diflomar ɗakin gwaji a Legas: mece ce, ina take kaiwa, ina kuma ba ta kaiwa

Ranar da sakamakon JAMB ya fito, Baffana ya kira ni daga rumfarsa ta Mile 12, hayaniyar masu sauke kwandunan tumatir tana neman danne muryarsa. 'Yarsa ta biyu, wadda tun tana firamare a Agege 'yan gida suke kiranta "likita", makinta bai kai na karatun likita ba. Wani malaminsu ya ba ta shawara ta sauya zaɓi, ta nemi Kwalejin Fasaha ta Yaba, ta karanta abin da ake kira SLT. Baffa ya ce mini, "Kai da ka yi irin wannan bokon, faɗa mini tsakaninka da Allah. Aikin asibiti ne? In ta gama, ita ce za ta riƙa ɗibar jini tana aunawa? In ba shi ba ne, gara ta zauna ta sake rubutawa baɗi."

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan ta fi ƙarfin waya. Zan zo gida ranar Lahadi bayan la'asar." Abin da na faɗa masa a tsakar gida ran nan, da wanda lokaci bai bar ni na faɗa ba, su na tattara a nan, domin tambayar Baffa tana yawo a gidaje da dama a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago. Ni ma wannan diflomar na yi, kuma da ita nake cin abinci yau a ɗakin gwajin wata masana'antar kayan abinci a yankin Ikeja.

SLT taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa fasahar aikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Karatu ne na wanda zai tsaya gaban teburin gwaji ya auna abu da hannunsa, ya fitar da adadi, ya sa hannu a kan takarda cewa wannan ruwan ya shawu, wannan man ya ciyu, wancan garin kada ya fita kasuwa. A shekara biyun farko ɗalibi yana taɓa komai: kimiyyar sinadarai, da ta halittu, da fiziks, da lissafi, da kwamfuta, sannan wani darasi da ake maimaitawa kowane zango kan dabarun ɗakin gwaji, tun daga kare kai daga wuta da guba har zuwa narka gilashi a hura shi a gyara bututun da ya fashe. Kimiyya ce da ake koya don aiki, kuma ana shigarta ne bayan an gama sakandare gaba ɗaya.

Tsarin kamar jirgin ƙasan nan ne da ke tashi daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi ya sauke mutane a Yaba: yana da tashoshi. Tasha ta farko ita ce ƙaramar difloma, ND, shekara biyu, zango huɗu. Tsakanin shekarar farko da ta biyu akwai wata huɗu na koyon aiki a waje, shi ne SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, yake kula da shi. In an gama ND sai a fita shekara guda cur ana aiki a masana'anta ko wani ɗakin gwaji, abin da ɗalibai ke kira IT. Bayan nan, wanda yake so sai ya dawo babbar difloma, HND, wata shekara biyun, inda zai zaɓi fanni ɗaya ya nutsa: ƙananan halittu, ko sinadarai, ko sinadaran jiki, ko fiziks da lantarki, ko halittun muhalli. Daga nan sai bautar ƙasa. In aka lissafa, shekara biyar ke nan kafin a sa kakin NYSC, alhali mai digirin kimiyya na yau da kullum shekara huɗu yake yi in ba yajin aiki. Don haka duk wanda ya ce maka foliteknik yanke ce, bai yi lissafin ba. Abin da take da shi wanda jami'a ba ta da shi, shi ne damar sauka a tsakiyar hanya da takarda a hannu. Yaron da ya bar jami'a a aji biyu saboda kuɗi sun yanke ko mahaifi ya rasu, takardar sakandare kawai yake komawa gida da ita. Wanda ya yi shekara biyu a foliteknik yana da ND, zai iya aiki da ita, ya tara, ya dawo. A gidan ɗan kasuwa, inda bana a samu baɗi a rasa gwargwadon yadda tumatir ya yi a Kadawa da yadda hanya ta kasance, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hukumar da ke tsara manhajar, take kuma tantance makarantun da suka cancanci koyar da ita, ita ce NBTE, wadda aka kafa a 1977, kuma hedikwatarta a Kaduna take. Manhajar da ake bi a Yaba ita ake bi a Foliteknik ta Kaduna da ta Kano. Kwalejin Yaba kuwa tun 1947 take, ta gaji Babbar Kwalejin Yaba wadda ɗalibanta aka kwasa zuwa Ibadan a 1948 aka fara jami'ar farko ta ƙasar nan da su. Foliteknik ɗin jihar Legas da ke Ikorodu an mayar da ita jami'ar kimiyya da fasaha a 2022, ita ma Yaba ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa shugaban ƙasa ya amince a ɗaga ta zuwa jami'a. Ni wannan yayin na mayar da kowace foliteknik jami'a bai kwanta mini ba. Ƙasar da take kukan rashin masu aikin hannu, sai ga ta tana rage makarantun da ke samar da su. Amma wannan zance ne na wata rana.

Sharuɗɗan shiga ba su da ruɗani. An saba neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Sai JAMB, wadda makinta gaba ɗaya 400 ne. Mafi ƙarancin makin da hukumar ke tsayarwa ga foliteknik ya kan yi ƙasa da na jami'a, amma kada wannan ya yaudari kowa, domin makaranta irin Yaba da kowa ke rububinta ita take yanka nata, kuma SLT tana cikin kwasa-kwasan da suka fi cika. Akwai kuma abin da yawancin iyayenmu na nan ba su sani ba. A makarantun gwamnatin tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki, 35 na yankin da makarantar take, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko, kuma Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Kabi da Bauchi da Barno da Yobe duk suna ciki. Yaron da aka haifa a Zangon Agege, ya yi makaranta a Legas, yana jin Yarbanci kamar jakin Ikko, in yana riƙe da takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali, yana da ƙofar da bai san da ita ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar nan a nemo ta tun yaro yana aji biyar, a kuma tabbata sunan da ke kanta da ranar haihuwa sun yi daidai da na katin NIN da na WAEC, harafi da harafi. Na ga wanda bambancin Muhammad da Mohammed ya jawo masa zirga-zirgar watanni.

To me ake yi a ciki? Bari in nuna abu ɗaya, domin gani ya kori ji. Gwajin farko da ke bambanta mai haƙuri da mai gaggawa shi ne na auna ƙarfin asid. Akwai dogon bututun gilashi mai layukan awo da ɗan famfo a ƙasansa, ana ce masa biyuret. Za ka cika shi da ruwan sinadarin da ka san ƙarfinsa, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da saman ruwan, domin saman ruwa a cikin bututu lanƙwasa yake yi kamar jinjirin wata a kwance, kuma ƙasan lanƙwasar ake karantawa. A ƙarƙashi akwai kwalba mai faɗin gindi da siririn wuya, cikinta ruwan da kake son sanin sirrinsa, da ɗigo biyu na wani sinadari da ba shi da launi a cikin asid. Hannun hagu na kan famfo, na dama na juya kwalbar. Ruwa na sauka, babu abin da ya canza. Can sai ka ga wani ja-ja ya bayyana ya ɓace. Daga nan ɗigo ɗaya-ɗaya za ka riƙa saki, har ka kai ga wanda zai bar ruwan da launin hoda mai haske, ya tsaya bai gushe ba. In ya yi ja sosai ka wuce wuri, sai ka zubar ka sake. Ana maimaitawa har sai an samu karatu biyu da suka yi kusan zama ɗaya. Malaminmu na lokacin ba ya karɓar littafin da aka goge lamba a ciki. In ka yi kuskure, ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ka fara rubutawa, ka rubuta daidai a gefe. Sai da na fara aiki na gane cewa abin da yake koya mana a nan ya fi gwajin kansa muhimmanci: kada mai awo ya ɓoye abin da ya gani.

A ɓangaren ƙananan halittu kuma, za ka koyi dafa abincin ƙwayoyin cuta, ka sa shi a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na minti 15 don kashe duk wani abu mai rai, ka zuba a faifan gilashi ya daskare, ka shafa ɗigon ruwan leda a kai kusa da harshen wuta, ka ajiye a akwatin ɗumi a digiri 37, wato ɗumin jikin ɗan'adam. Gobe ka buɗe. Ruwan da jiya ka gan shi garau, yau ga ɗigo-ɗigon halittu sun tsiro a kan faifan, kana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara ganin haka, na koma gida na kasa kallon randar tsakar gidanmu kamar da.

Yanzu ga tambayar Baffa, kuma a nan ne aka fi yin asara. Amsar ita ce a'a. SLT ba ita ce karatun gwajin asibiti ba, ko da yake sunayen sun yi kama har suna ruɗa iyaye da yara, wani lokaci har da malaman sakandare. Gwajin jini da fitsari da majina na marasa lafiya sana'a ce dabam, mai hukumarta dabam, MLSCN, kuma ita kaɗai ke ba da lasisin yin sa. Mai son wannan, ko dai ya yi digirin shekara biyar na kimiyyar gwajin asibiti a jami'a, ko ya shiga kwalejin fasahar kiwon lafiya, irin ta jihar Legas da ke Yaba ko ire-irenta da ke Arewa, ya fito a matsayin mataimakin mai gwaji. Masu SLT tasu cibiyar NISLT ce, a Ibadan take, kuma dokokin da suka kafa hukumomin biyu duk a 2003 aka yi su. Na san waɗanda suka shekara biyar suna karatu da zaton farin kaya da asibiti ke jiransu, sai da suka je neman aiki aka ce su kawo lasisin da ba su da hanyar samu. Wasu sukan raɓe a ƙananan ɗakunan gwaji na unguwa suna aikin da doka ba ta ba su ba, albashi kaɗan, gaba kullum na faɗuwa. Duk yaron da zuciyarsa ke kan asibiti, a gaya masa gaskiya tun ran gini tun ran zane. Haka ma mai tunanin zai bi ta ND ya tsallaka karatun likita, ƙofar ƙunci gare ta ƙwarai, kada a gina rayuwa a kanta.

Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, "To in ba asibiti ba, ina?"

Na ce masa ya dubi garin da muke zaune. Babu inda ya kai Legas da kewayenta tarin masana'antu a ƙasar nan: Ikeja, Ilupeju, Apapa, Ikorodu, sannan Agbara da Sango-Ota a gefen Ogun. Duk kamfanin da ke yin lemo, ko madara, ko taliya, ko fulawa, ko sabulu, ko fenti, ko magani, yana da ɗakin da ake auna kaya kafin su shiga da kuma kafin su fita, kuma dare da rana ake yi. Matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, da kamfanin takinsa da ke kusa da ita, ba sa tafiya sai da masu awo. Ga ɗakunan gwajin NAFDAC a Oshodi da Yaba, ga na hukumar ingancin kaya SON a Ogba, ga cibiyar binciken masana'antu FIIRO a Oshodi, ga cibiyar binciken lafiya NIMR a Yaba. Ga makarantun sakandare masu zaman kansu da jami'o'i, waɗanda ke buƙatar mai kula da ɗakin gwaji ya shirya wa ɗalibai kayan jarrabawar aiki.

Nauyin aikin kuma ba na wasa ba ne. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin fitar haƙoran jarirai da aka haɗa a nan Legas ya kashe yara 84 bisa ƙididdigar ma'aikatar lafiya, saboda an sa wani sinadari mai lalata ƙoda a madadin wanda ya kamata. Gwajin da ake yi wa kaya kafin a zuba su a tukunya, shi ne aka tanada don tare irin wannan. Burodin da muke ci da shayi kowace safiya, a zamanin Dora Akunyili ne NAFDAC ta haramta sa masa sinadarin bromet mai kumbura shi, kuma ba a gane mai sa shi da ido, sai an auna.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma shi ya sa nake son 'ya'yanmu su shiga wannan fanni, ya fi kusa da gida. Abincin da Legas ke ci, hannun mutanenmu yake biyowa. Tumatir da tattasai da albasa a Mile 12, shanu a mayankar Oko-Oba, wake da masara da gyaɗa a buhuna daga Dawanau. Mu ne masu kayan, amma ranar da aka zo maganar inganci, wasu ne ke riƙe da ma'auni da alƙalami. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a jikinsa ya zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Wa ke noma waken, wa ke adana shi, wa ke fataucinsa? Gyaɗa da masara in aka ɗure su a buhu ba su gama bushewa ba, wata fumfuna takan kama su ta bar gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Masara tana son danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin a adana, kuma na'urar auna wannan ta hannu ce, ɗan ND zai iya aiki da ita a bakin sito. Kilishi, da zoɓo, da kunun aya, da fura da nono na roba, duk sana'o'inmu ne da ke neman shiga manyan kantuna, abin da ke tare su shi ne lambar NAFDAC da sanin yadda za a hana kaya lalacewa kafin wa'adi. Gidan da ya haɗa uba mai jari da sanin kasuwa, da ɗa ko 'ya mai sanin awo, ya riƙe igiyar ta kai biyu. Da na faɗi haka sai Baffa ya gyara zama, ya ce, "Wato irin abin da Lebanawan nan ke yi da 'ya'yansu." Na ce shi ne.

Ba zan ɓoye ɗacin ba. Shekarar IT ita ce zuciyar wannan karatu, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Makaranta takan ba ka wasiƙa ne kawai, neman wurin naka ne. Ni sai da na yi kusan wata biyu ina yawo da ambulan daga ƙofar wannan kamfani zuwa waccan, mai gadi ya karɓa ya ce a dawo. Inda na fara samu, wani ƙaramin wurin yin ruwan leda ne, inda na tarar da ɗakin gwajin a kulle yake sai ranar da aka ji masu dubawa za su zo. Wata rana mai wurin ya miƙo mini littafin awo ya ce in cike makonnin da suka wuce da lambobi masu kyau. Na ƙi, kuma a makon na bar wurin. Na yi wata guda a gida ina jin kamar na yi wauta, kafin Allah ya haɗa ni da inda na koyi aikin gaske a hannun wata dattijuwa Bayarbiya da ba ta yarda ka taɓa na'ura sai ka wanke kwalabe sun daina riƙe ɗigon ruwa a jikinsu. Abin da nake gaya wa ƙannena shi ne, a wannan shekarar kada su bi inda alawus ya fi tsoka, su bi inda akwai na'urori da mai koyarwa. Kuma a nan manyanmu na kasuwa suna da rawar takawa. Alhajin da ke kai wa kamfani tirelar masara ko citta duk wata, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta samar wa yaro gurbin IT. Ba mu saba neman wannan alfarmar ba ne kawai, mun fi neman ta aikin gadi da direba.

Sai maganar da ke ci wa duk mai HND tuwo a ƙwarya, wato fifikon da ake ba digiri. A aikin gwamnati an daɗe ana tsayar da mai HND a mataki na 14, mai digiri kuwa yana iya kaiwa 17. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. A kamfanoni ma akwai inda za ka koya wa sabon mai digiri aiki, bayan shekara kaɗan ya zama shugabanka. Wannan gaskiya ce, kuma zalunci ne, domin zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Sai dai akwai gadoji. Mai ND da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hanyar JAMB. Mai HND yana iya yin diflomar gaba da digiri ta shekara guda, ya wuce digiri na biyu. Jami'o'i irin na Jos da Fatakwal suna ba da digiri a SLT ɗin kanta. Duk waɗannan gadojin sakamako ne kuɗin haye su. A foliteknik ana auna maki a kan 4: daga 3.50 zuwa sama shi ne mafi daraja, 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, 2.00 zuwa 2.49 tsira kawai. Ko komawa HND yana son aƙalla ƙaramin kiredit, jami'o'i kuwa galibi babba suke nema. Yaron da ya shiga da raini, yana ganin a rashin uwa ne ya yi uwar ɗaki, ya yi wasa da zangon farko, zai sha wuya kafin ya ɗago makin, domin zango huɗu ne kacal.

Kuɗi fa? Makarantar tarayya tana da sauƙi in aka kwatanta da masu zaman kansu, amma akwai farar riga, da tabaran kariya, da littattafan gwaji, da kuɗin aikin bincike na ƙarshe, uwa uba kuɗin mota, tunda ɗakunan kwana ba sa isa. Jirgin ƙasan nan da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ya rage wa 'yan Agege wahalar cunkoson Oshodi. Akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a shekarar, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Da Baffa ya ji kalmar bashi ya ɓata fuska, sai da na ce masa babu ruwa a ciki sannan ya saki.

A yi hattara da abu biyu. Na farko, makarantun da ke buɗewa a saman bene da babban allo, suna cewa suna da alaƙa da wata foliteknik ta nesa. Kafin a biya ko sisi, a duba jerin NBTE a ga ko makarantar tana ciki, kuma ko an amince mata ta koyar da wannan kwas ɗin musamman, domin ana iya amincewa da makaranta a hana ta wani kwas. Kuma duk gurbin da bai fito ta shafin CAPS na JAMB ba, matsala ce ke jiran yaro a gaba. A je a ga ɗakin gwajin da ido. In aka ce mai makullin ba ya nan, an ba ka amsa. Na biyu, karatun wucin gadi na yamma da ƙarshen mako. Yana da amfani ga wanda ke tsaron rumfa da rana, amma wanda ya yi HND ta wannan hanya ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi, kuma lokacin taɓa kayan gwaji ya kan yi ƙaranci.

Inna, matar Baffa, wadda tun farko take bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, ita ta yi tambayar da ta fi damunta: hijabi fa, da aikin dare? Na ce mata mata sun cika ajin SLT, kuma Musulmi da yawa ne a Yaba, akwai masallaci, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN wadda ma a Legas aka kafa ta a 1954. Abin da ɗakin gwaji ke buƙata shi ne kada wani abu ya riƙa lilo kusa da wuta ko sinadari, don haka ƙaramin hijabi na auduga ake sawa a cusa shi cikin farar riga, a bar mai santsin nan da ke narkewa in ya ji wuta, a sa rufaffen takalmi. Aikin dare kuwa a masana'anta yake, kuma gaskiya akwai shi. Wadda ba ta so, ga makarantu, ga hukumomi, ga sana'ar kanta.

Ita yarinyar ba ta ce komai ba sai da na tashi tafiya. Ta rako ni har bakin titi, sannan ta ce, "Yaya, in na shiga, zan iya sake rubuta JAMB ina ciki?" Na ce za ta iya, mutane suna yi, amma ta sani riƙon biyu yana da nauyi, kuma kada ta bar na hannu ya lalace saboda na hange. Na ce ta zo wurin aikina ranar Asabar in nemi izini ta ga ɗakin, ta tsaya awa biyu ta kalli abin da muke yi, ta ji warin wurin, ta ga tsayuwar, sannan ta yanke.

Ta zo. Na ba ta tsohuwar farar rigata, hannun ya yi mata tsawo ta naɗe. Na sa ta auna ruwan famfo a na'urar da ke nuna tsami, na gaya mata ruwan sha ana son ya faɗa tsakanin 6.5 da 8.5, ta rubuta abin da ta gani. Sai ta zaro ledar ruwan da ta saya a tasha daga jakarta, ta ce a auna wannan ma. Ranar Talata Baffa ya ba direban wata motar tumatir da ke komawa Arewa saƙo zuwa ga ƙaninsa, da hotunanta guda huɗu da kwafin takardar haihuwa, a je sakatariyar ƙaramar hukuma a karɓo mata shaidar asali.